Keken Tela da Hannun Bari-in-duba

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin nan. Bari-in-duba kowa ke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka je shagonsa aron almakashi, sai ya ƙura wa agogon hannunka ido ya ce bari ya ɗan duba. Ka zauna a bencinsa ya ji ya yi ƙara, sai ya tashe ka tsaye ya ɗauko guduma. Mai askin da ke jikin shagonsa yakan ce ko ranar da aka ɗauki mutumin nan za a kai shi makwanci, sai ya ɗago kai ya ce a dakata, makarar nan akwai ƙusar da ta saki.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun yana saurayi. Shagon ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene, ba ka shiga ka fito ba tare da warin man keke ya bi rigarka ba. Gwangwanayen madara cike da notina, kawunan kekuna jere a kan kanta, wasu masu su sun mutu, wasu sun manta. Maigidan da ya koya masa aiki abu ɗaya ya dasa masa: kaya ba ya barin hannunka da aibin da idonka ya gani. Wannan karatun ne ya hana shi arziki, don in an kawo masa gyara ɗaya sai ya yi uku, ya karɓi kuɗin ɗaya.

Ta dalilin keke ya sami mata. Tana budurwa ta kawo masa wani tsohon keke baƙi, na ƙarfe zalla, mai zanen furanni ruwan zinare, wanda goggonta ta bar mata. Shi yakan ce da gangan ya riƙa jan gyaran don ta yi ta dawowa. Ita kuwa takan ce ƙarya yake, bai dai iya sakin abu ba ne, da ita da keken duk ya haɗa ya riƙe. Kowa Tela yake ce mata, har shi. Da keken nan aka yi wa yara kuɗin makaranta, da shi aka rufa asiri duk lokacin da shago ya yi sanyi.

Tabo biyu ne a jikin keken. Wilin da ake juyawa da hannu ya tsage ranar da suka yi ƙaura, ya faɗo daga baro. Katakon gindinsa kuma akwai ƙunar dutsen guga, shatinta raɗau. Shekara da shekaru tabon nan biyu suna tsone wa Bari-in-duba ido a cikin ɗakinsa, amma Tela ta kafa doka.

"Malam, keken nan ba shagonka ba ne," in ji ta. "Mai kawai na yarda ka sa masa."

Har wili ya samo, mai kyau, irin na asali, ya naɗe a tsumma ya ɓoye a shago. Ba ta bari ba.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Tela gani. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, shi yake zura mata kafin ya fita. Daga baya layin ɗinki ya fara karkacewa, wata tsohuwar mai kawo mata aiki ta dawo da riga tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ranar Tela ta rufe keken da zane. Likita ya ce abin mai sauƙi ne, aiki za a yi a cire yanar, gani ya dawo. Sauƙin dai a bakinsa ne, don kuɗin da ya faɗa ba su da shi, ba su da mai ba su.

Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta kawo maganar shafin gwanjo na intanet. Ta ce akwai masu neman irin waɗannan tsofaffin kekuna, suna taya su da tsada. Ka sa hoto, mutane su yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Kamfanin ne ke riƙe kuɗin, sai kaya ya isa hannun mai saye a sakar maka. Keken dai ba na Bari-in-duba ba ne. Tela ce ta yanke magana.

"A sayar. Ido ya fi keke. In na gani, ko da na haya zan yi ɗinki."

Auta ta buɗe shafi da sunan mahaifinta a wayarsa, ta ɗauki hotunan keken ta kowane gefe, har da tsagar wili da ƙunar katako, don kada a ce an ɓoye aibi. Aka yi ta tayi. Wani wanda ba su san ko fuskarsa ba ya doke kowa, da abin da zai biya aikin ido har a sami canji. Tela ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba.

To, a nan ne hali ya yi halinsa. Aka kai keken shago don a ɗaure shi a kwali. Bari-in-duba ya zauna shi da keken, babu Tela, babu doka. Mutum ya biya kuɗi mai yawa haka, a aika masa da tsagaggen wili? Daga hannun wa? Ya kwance tsumman nan, ya cire tsohon wili ya jefa a buhun ƙarafan da 'yan gwangwan ke kwasa, ya ɗaura sabon. Ya goge ƙunar katakon da samfefa, ya shafa mai, ta ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Ya juya wilin, keken ya yi wannan sassanyar ƙarar tasa. Wallahi ranar har waƙa ya yi. Bai ɗauki hoto ba, bai gaya wa kowa ba, ya ɗaure kwali ya miƙa wa masu kai kaya.

Bayan kaya ya isa, saƙo ya shigo wayarsa yana shago. Kamfanin gwanjo ne: mai saye ya ce abin da ya iso masa ya bambanta da na hoto. Haka ne? A ƙasa akwai wurin dannawa biyu, Eh da A'a.

Bari-in-duba ya washe baki. Ya leƙa wajen mai aski ya ce, "Ka ga mutumin da ya san aiki. Ya lura." A ransa godiya ce ke tafe. Ya danna Eh, yana jiran a buɗe masa wurin da zai yi bayanin wilin. Babu abin da ya buɗe. Aka dai rubuta masa cewa an gode.

Da yamma Auta ta karanta, ta zauna a bakin gado ta dafe kai.

"Baba, me ka danna?"

"Gaskiya na danna. Ai ya bambanta. Gyara shi na yi."

"Baba, ƙara ya kai ka. Ka amsa laifi ke nan."

Tela tana gefe, ta juyo da fuska wajen muryarsa. "Malam, ka taɓa min keke?"

Ya kau da kai. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba.

Kamfani ya mayar wa mai saye kuɗinsa, ya ce mai sayen zai dawo da kaya. Bari-in-duba ya ɗan sami sanyi, ya ce to, ko ba komai keke zai dawo gida, a sake sa shi. Kwali ya iso shago, shi ne dai kwalin da ya ɗaure da hannunsa. Tun daga ɗagawa ya ji nauyin ba shi ba ne. Da ya buɗe, sai ga wani mushen keke, irinsu ɗaya da na Tela, amma tsatsa ta cinye shi, zanen furannin ya kankare, cikinsa an yashe rabin kayan. Ya daɗe a tsaye da wuƙar yanka kwali a hannu.

Daga nan aka shiga zarya, zaryar da ba a taka ƙasa. Da a kasuwa aka cuce shi, ya san shagon da zai je, ya san wuyan rigar da zai riƙe, ya san dattawan da za su zauna. Nan kuwa babu ƙofa balle ka ƙwanƙwasa. Auta ta rubuta ƙorafi, amsa ta dawo kafin ta ajiye wayar: sun fahimci damuwarsa, kuma yana da muhimmanci a wurinsu. Ta sake rubutawa, ta haɗa da hoton mushen keken. Amsar dai ita ce, ko wasali ba a canza ba. Suka buga lambar da ke shafin, na'ura ta ce a danna kaza, a danna kaza, sannan ta sa musu kiɗa har katin waya ya ƙare. Mai aski ya ce ya haddace kiɗan, in ana so zai iya rerawa a huta da sayen kati. Babu wanda ya yi dariya, shi ma bai ƙara ba.

Ran da suka dace da mutum, wata yarinya ce mai ladabi, da ka ji ka san karantawa take yi. Bari-in-duba ya karɓi wayar ya miƙe tsaye, kamar tana ganinsa.

"'Yata, ki saurare ni. Keken matata ne. Aikin ido za a yi mata da kuɗin. Abin da aka dawo min da shi ba nawa ba ne."

"Ina ba ka haƙuri, Baba. Amma a nan na ga kai da kanka ka tabbatar kayan ya bambanta da hoto."

"Ya bambanta, amma ta wajen kyau. Wili na sa masa sabo."

"Kana da hoton kayan a cikin kwali kafin ka aika?"

"Ba ni da shi."

"To, Baba, an riga an rufe wannan magana. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Bai ma ji haushinta ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Babu wanda zai ji haushi sai kansa. Da ta kashe, saƙo ya shigo yana tambayar tauraro nawa zai ba su.

Ana nan, rannan Auta ta shigo shago da rana tsaka, ko rigar aiki ba ta cire ba, ta miƙa masa waya. Keken Tela ne a shafin gwanjo, a ƙarƙashin sunan wani daban, an ɗora shi a kan farin tebur. Ga wilinsa yana sheƙi. Ga katakon sumul. A ƙasa an rubuta cewa ƙwararren mai gyara ne ya sabunta shi. Tayin da ake yi har ya wuce nasu.

Ya ce ta rubuta musu, ga ɓarawo ga kaya, me kuma ake jira? Ta rubuta, ta tura tsofaffin hotunan. Wannan karon an ɗan jima kafin amsa ta zo, har ya fara sa rai. Suka ce sun duba da kyau. Keken da ke hotunansa yana da tsaga a wili da ƙuna a katako, wannan kuwa ba shi da ko ɗaya, saboda haka babu shaidar cewa nasa ne.

Ya je buhun ƙarafa ya zazzage shi a ƙasa yana neman tsohon wilin. 'Yan gwangwan sun daɗe da kwashewa. Yana durƙushe cikin notina da tsatsa lokacin gwanjon ya cika, hoton ya koma toka-toka, aka rubuta an sayar.

Tela ba ta taɓa yi masa gori ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ranar da likita ya ba su ta zo ta wuce. Yanzu da bango take bi zuwa ƙofa, in an yi sallama sai ta tambayi ko wane ne.

Mushen keken kuwa yana nan a kan kanta inda ya ajiye shi. Ya rantse ba zai taɓa shi ba. Amma ina, hannu ba ya jin rantsuwa. Wata safiya ya tsinci kansa yana jiƙa notinansa da kananzir. Ya ciro wannan daga wancan mataccen keke, ya ciro wancan daga wani, ya kankare tsatsa, ya sa mai, har ranar da allura ta hau ta sauka ta kama zare. Ya ɗauko shi a ka ya kawo gida, ya ajiye a teburin da babu komai a kansa sai zanen rufi, ya zura zare, ya kamo hannun Tela ya ɗora a kan wilin.

Ta shafa katakon gindinsa, yatsanta ya tafi kai tsaye inda ƙunar guga take a da. Ta shafa wilin. Sannan ta juya shi a hankali, ta karkata kai tana saurare.

"Ka yi ƙoƙari, Malam," in ji ta. "Yana ɗinki?"

"Yana yi. Layinsa a miƙe."

"To, sai ka riƙa gaya min."

Ta lalubi zanen, ta rufe keken, ta mai da hannuwanta kan cinya.