Tumaki Uku na Watan Cika-Ciki

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma tun ina yarinya na san tumaki in sun kai arba'in, suka shekara a hannun mutum, ana fitar da ɗaya. Guda ɗaya tak. A kan wannan ɗayar ƙanena ya zubar da girmansa a idona.

Lokacin ina zaune a unguwar Moursal, maigidana ya rasu, darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, komai ya yi tsada. Ƙanen nawa yana da teburin nama a unguwar Bololo, yana kuma da garke a bayan gari wajen wani Bafulatani. Shi ke aiko min da buhun gero duk wata, wannan ba zan ɓoye ba. Da shi nake ciyar da jikokina.

Wata shekara, ana gab da watan cika-ciki da mutanenmu ke fitar da zakka, sai ga shi da tumaki uku a bayan mota. Ya ce, "Yaya, na ba ki, halak malak." Na yi ta sa masa albarka har muryata ta dushe. Na sayi dusa da harawa da kuɗin ƙosaina. Watan na wucewa ya turo aka kwashe su, wai ciyawar daji ta fi musu. Shekara ta zagayo, aka maimaita.

A ta uku, da ya sake kawo su, na zaunar da shi, na zuba masa shayi, na ce ya gaya min wace irin kyauta ce mai komawa gida.

Dariya ya yi, har da buga cinya. "Yaya, ke ma dai. Arba'in da biyu ne. In uku suna wajenki, saura nawa? Nisabi bai cika ba, kalas, magana ta ƙare."

"To, Alhaji, wa ake ɓoye wa? Ni ko Mai sama?"

"Dabara ce kawai. Kowa na yi a kasuwa."

Na dubi rawaninsa, na dubi carbin da ke hannunsa, shayin ya fita raina. Kuɗin motar kawo su da mayar da su ya kusa sayen ɗan rago. Ga albarkar da na yi ta zuba masa shekara biyu, ashe rumbun ɓoyo ya mai da tsakar gidana.

Na ce, "Bana ma ka ba ni?"

"Na ba ki mana, Yaya."

"Sake faɗa."

Ya sake faɗa.

Bayan katangata akwai wata mata da mijinta ya tafi arewa aikin soja bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya biyar, wankau take yi. Washegari na zaɓi wadda ta fi ƙiba a cikin ukun, na ja ta da igiya na kai mata. Ban ce mata zakka ce ba, don zakka sai da niyyar mai dukiya, shi kuwa ba shi da ita. Na san kuma hakan na iya jawo min asarar gerona.

Da ya zo kwasa ya tarar da biyu, sai ya juyo kaina. "Yaya, kin san ba haka muka yi ba."

"Ni abin da ka faɗa na ji. In ba kyauta ba ce, to garkenka arba'in da biyu ne, je ka fitar."

Ya kwance biyun da hannunsa, ya fita ko sallama babu. Gero bai zo ba a watan, bai kuma sake zuwa ba. Na ƙara kwanon wake a ƙosai, muka ci abin da ya samu.

Da cika-ciki ta dawo, na je unguwar Paris-Congo gaida gwaggonmu, tsohuwa, idonta ya tafi. Tun daga ƙofa na ji kukan tumaki. Ta kamo hannuna tana murna, wai in taya ta godiya, ɗan ƙaninta ya tuna da ita, ya ba ta har guda huɗu. Na zauna kan tabarma ina jin tana jero masa addu'a, na kasa cewa amin.