Yaran da Ke Wajen Kaka

Bazarar da ƙyanda ta shigo ƙauyukan Madarumfa, ina cikin matan da likita, wato asibitinmu, ta ɗauka mu bi gida-gida da salula. A kowace ƙofa sai mu tambayi uwa ƴaƴanta nawa, nawa aka yi wa allura, mu danna. Gidan da aka samu yara sai ya zama ɗigo a taswirar da ke bangon ofishin majo, babban ma'aikacin likitar. Inda ɗigo ya yi yawa, can motar rigakafi za ta fara zuwa.

Ni dai ba na iya zama wuri ɗaya a kwanakin nan. Ko tuwo nake tuƙawa, hankalina yana ƙetaren tabki, a ƴar tungar da innata take. Ɗana na fari yana hannunta tun da aka kai shi yaye, kuma ba a taɓa yi masa allurar ba.

Ranar da aka tara mu a gaban taswirar, na nemi tungarmu na ganta fayau, kamar faranti bayan an wanke. Wadda ta je can ta ce tsofaffi kaɗai ta tarar. Ba ƙarya ta yi ba. Ta tambayi kakanni ƴaƴansu, suka ce duk sun yi aure. A ƙauyukan iyayen kuwa, wace mace ce za ta buɗe baki ta ƙirga ɗan fari a gaban baƙuwa? Daga na biyu ake farawa. Ni kaina da aka zo gidanmu haka na yi, ina sane, bakina ya ƙi.

Na ɗaga hannu, na sauke, na sake ɗagawa. Na ce akwai yara a tungar, jikoki ne.

Majo ya ce, “Malama, ban ƙi ta taki ba. Amma esansi, man mota, kaɗan muka samu, kuma Maradi ba su aiko mota bisa ji-ta-ji-ta. Ki ba ni ko yaro guda, da sunanshi da na uwa tai, in sa a koma a ƙirga.”

Haushi ya kama ni, don na san jikokin nan ɗaya bayan ɗaya amma sunayen kakanni kawai na riƙe. Yaro ɗaya ne na san sunansa da na uwarsa babu tantama. Ga ɗakin cike da mata, har da yayar mijina, wadda ta zuba mini ido tana jiran ta ga iyakar rashin kunyata. Shekara uku ina ce masa “yaron nan” ko “na wajen inna”. Ko ni da Allahna a kan sallaya ban taɓa ambatarsa da baki ba.

Majo ya ɗora yatsa a kan salula ya ce, “Muna saurare.”

Tsoro nake ji, ba na yayar miji ba, na zazzaɓin da na ga yana kwantar da yara a Ɗan Issa. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan. Bai ji ba, ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi.

Ya ce, “Uwa tai fa?”

Na ce, “Ni ce.”