Baitocin da Malam Sabi'u Ya Bari a Hanyar Shiling

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran Malam Sabi'u a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, amma har yau in na shiga motar zuwa Shiling, garin masana'antun jaka, sai na tarar na bar masa gefen taga. Tare muka koyar a wata sakandare a Kano, shi adabi ni tarihi, tare muka gano alli ba ya riƙe gida, muka koma saro jakunkunan mata. Ni na baro ajina a Kano. Shi kuwa da nasa ajin ya taho, ni da direbanmu Lao Wang, wanda muka mayar Lawan, muka zama ɗaliban dole.

Darasin kusan kullum ɗaya ne: wani mawaƙin ƙasar Hungary na ƙarni na sha tara, wanda Malam ya tsinci waƙoƙinsa da Turanci tun yana ɗalibi. Sunan ya fi ƙarfin harshena, sai muke ce masa Ɗan Mahauci, don sana'ar uban ke nan. Ya bar makaranta, ya taɓa soja, ya bi 'yan wasan kwaikwayo gari-gari da yunwa, sannan ya shiga tsara waƙa da bakin manoma. Da mutanensa suka tashi neman 'yanci ya bi su fagen fama, ya bar mata da jariri, ya ɓace bai kai talatin ba. Malam yakan ce da a unguwarsu aka haife shi, da tuni an yanke cewa yaron ba ya jin magana.

Malam ya mayar da waƙoƙin nan Hausa, sai dai ba a takarda ba. Mahaifinsa malamin zaure ne, a gabansa ya koyi cewa baiti bai zama baiti ba sai an rera shi. Don haka ya ɗora Ɗan Mahauci kan karin waƙoƙin wa'azi na cikin birni, yana gyara da baki tun daga unguwar Liwan har ƙofar masana'anta, Lawan na buga sitiyari da yatsa duk da ba ya jin ko kalma. In na ce ya rubuta, sai ya ce, "Abokina, bai nuna ba tukuna. So kake in ba jama'a ɗanye?"

Da zai leƙo yau, da ya ga 'yan kasuwarmu suna yi wa waya Hausa tana juya wa mai shago da Sinanci. Na san ba zai yi musu ba. Zai dai tambaya ko ta iya rerawa.

Kwanan baya 'yarsa Hajara ta kira ni. Ƙarama ce lokacin da ya rasu, yanzu tana karatun Hausa a jami'a. Ta ce, "Baffa, Umma ta ce Baba yana da waƙoƙi. Ka turo min ko ɗaya ce. Na fara manta muryarsa."

Na ce to. Da na zauna a ɗakina na unguwar Panyu sai na iske farkon baitoci na nan, amshi na nan, tsakiya ta zube. Littafin Turancin bai gagara samu ba, kuma na iya ɗinke gurbin da kaina yadda yarinyar ba za ta gane ba. Amma muryar ubanta ta nema, ba tawa ba.

Sai na nemo Lawan, wanda furfura ta cim masa, muka kama hanyar Shiling ba don sayen komai ba. Na kunna ɗaukar murya a waya na fara rerawa. Inda kalmomi suka ƙare mini na yi shiru, shi kuwa ya ci gaba da karin ta hanci, idonsa a kan titi, har ya kai ni inda na iya kamawa. Haka muka yi har muka isa, haka kuma na tura mata, ban cike komai ba.

Abin da ya rage na Malam ke nan: rabin kalmomi a bakin malamin tarihi, cikakken kari a hancin Basine. Na ɗauka ya yi kaɗan, har amsarta ta zo. Ta ce, "Baffa, kada ka gyara. Inda mutumin nan yake rerawa da hanci, nan na fi jin Baba."

Allah ya haskaka makwancinka, Malam. Ɗanyen ma ya ciyar.