Ɗakin da ke Kai Raɗa Wurin Mushe

"Wallahi ba ni ba ce!" Ina faɗi ina bin ta a baya, ita ko ƙawar tawa ko waiwaye ba ta yi ba. Ƙashin na lilo a wuyanta, 'yan kalas ɗinmu na biye suna dariya.

Ƙashin ga shi ne sambol. Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, wajejen shekarun tamanin da casa'in ya san shi. Namu muƙamuƙin akuya ne da anka zarga ma igiya. In ka yi Hausa cikin kalas maimakon Faransanci, a rataya maka, kuma wanda anka tashi shina wuyanshi ya sha bulala. A ƙa'ida, yara ke kama junansu. Amma tunda munka shiga sabon ɗaki, malaminmu, da muke ce ma Mushe ("monsieur" na Faransanci), ya hutar da kowa. Shina zaune shina duba littattafanmu, ko kai ba ya ɗagawa, sai ka ji ya kira ƙawata. Ya maimaita abin da ta raɗa ma ta kusa da ita, kalma da kalma, sannan ya miƙa mata ƙashi.

Ƙawar ga Bafulatana ce, ga surutu kamar me, bencinta na can kusurwar baya. Mushe na kusurwar gaba, nesa da ita. To ta ina yake ji? Kalas ta zauna ta yi lissafi, lissafi ya faɗo bisa kaina. Mushe baƙo ne daga wajen Illela, a gidanmu ya sauka, ni ke kai mishi tuwo. Ke nan ni ce 'yar rahoto.

"Ke, ina gaba kina baya, yaushe zan ji ki har in kai?"

"Wa ya sani miki? Munafukai ai da keya suke ji."

Daga ranar ta daina biyo mini da safe. Sauran 'yan mata in na iso wurin wasa sai su ce, "Ku yi shiru, rediyo ta zo." Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun muna 'yan firit muke tare da yarinyar ga.

Bari in gaya muku yadda ɗakin yake. Ƙauyenmu na kusa da Dogarawa, ga siminti nan ana yi a Malbaza, muna ganin manyan motoci na wucewa da shi, amma mu a rumfar kara munka fara karatu. Ran nan wasu magina sunka zo sunka yi mana kalas da tubalin laka zalla. Ba azara, ba kwano, ko sanda guda ba su sa ba. Sun kafa ƙarfe a tsakiya mai hannu da ke juyawa, suna bin bakinshi suna jera tubali zobe bisa zobe, har sama ta rufe kamar an kife ƙwarya. Tsofaffi sun yi ta zagayawa suna cewa damina ɗaya za ta kwantar da shi. Bai kwanta ba. Ciki sanyi ko da bazara, ga wasu 'yan ramuka can bisa da haske ke saukowa. Ni dai kullum idona na sama, ina son in gane mi ke riƙe da shi.

Wata safiya shara ta faɗo mana ni da ita. Ba mai yi ma wani magana. Ta ɗauki baya, na ɗauki gaba. Na duƙa ina zaro ƙura ƙarƙashin teburin Mushe, da na miƙe daidai kujerarshi sai na ji murya cikin kunnena, kamar mutum ya jingino da kafaɗata:

"Dube ta, da ƙafafu kamar na zalɓe."

Na zabura na waiwaya. Ba kowa. Tana can kusurwarta, ta ba ni baya, tana shara tana guna-guni. Na matsa taki ɗaya, shiru. Na koma, ga murya ta dawo, yanzu ta sauka kan tuwon gidanmu.

Na rage murya iyakar ragewa, na ce, "Tuwon namu dai kin sha cinye shi."

Tsintsiyarta ta faɗi. Ta yi salati ta yi hanyar ƙofa.

"Tsaya, 'yar Fulani! Ba aljani ba ne, ni ce. Zo ki zauna nan."

Da ƙyar ta yarda ta zauna kujerar Mushe, a ɗofane. Na ruga bencinta na raɗa, "Wa ke da ƙafar zalɓe?" Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Shara ta tsaya. Munka shiga gwaji: tsakiyar ɗaki ba a ji, bakin ƙofa ba a ji, in ka duƙa ƙasa sai ta ɓace. Daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa kawai take bi, kamar maganar na hawa bango ta bi ta bisa ta sauko.

A haka Mushe ya tarar da mu, ita bisa kujerarshi. Mun sadaƙar bulala ce. Ya dube mu, ya dubi sama, sai ya yi Hausa, karo na farko da na ji Hausa tashi ta kanshi cikin kalas, ba maimaita ta wani ba.

"Kun gano ke nan. Ni ma ran farko sai da na yi addu'a."

"Mushe, to a canza mini benci," in ji ƙawata.

"A'a. Wurin ga ya dace da ke."

Kafin a tashi ta gaya ma 'yan mata duka, da ƙari, har da cewa ita ta fara ganewa. Ban yi musu ba, tunda hannunta na cikin nawa. Sauran shekarar ta zama bebiya a kalas, sai mun kama hanyar gida ta sauke mini duk abin da ta tara.

Yanzu ina Yamai, na shiga gine-gine iri-iri, na kuma tambayi wani mai zanen gini. Ya ce rufi mai lanƙwasa na iya tattara sauti wuri guda. Na yarda. Abin da bai iya gaya mini ba shi ne ko da gangan anka yi. Ku da kunka yi karatu cikin irin ɗakunan ga, a Konni ko Tajaye ko Badagishiri, naku ma na kai raɗa, ko namu ne kaɗai?