Koren Shafin Kawu

Har yau mutanen Wurno cewa suke kutse aka yi mana. Ba a yi mana kutse ba. Ba wanda ya saci lambar sirrinmu, ba wanda ya shiga shafinmu ya taɓa ko wasali. Da kutsen ne ma da sauƙi, sai mu canza lamba mu huta.

Shafin na kawuna ne, ƙanin innata, malamin firamare da ya yi ritaya ya kasa zama. Labaransa ba manya ba ne: yadda albasa ta kwana a kasuwa, ranar da za a saki ruwan dam na Goronyo, da halin da hanya take ciki, don a ƙasarmu yanzu ba mai kama hanyar Rabah ko Gandi bai tambaya ba. Shi ke kiran mutanensa a waya yana tantancewa, ni ke bugawa in ɗora. Da yatsa ɗaya yake rubutu, ni kuma ba ni da haƙurin kallonsa.

Wani mai gyaran kwamfuta a Sakkwato ya kafa mana shafin. Ya sa masa abin da ya kira tim, wato rigar da shafi ke sawa. Ita ke nuna inda suna zai zauna, da launi, da girman rubutu, da wurin hoto. Kowane abu da zaɓinsa, sai ka latsa wanda kake so. Na zaɓi kore a sama, don Kawu ya ce ya yi kama da ganyen albasa. Ƙarƙashinsa na ja zirin rawaya, a nan nake sa labarin hanya.

Mutanenmu kuwa ba shafin suke buɗewa ba. Data tsada, sabis sai an nema. Mutum ɗaya zai buɗe, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har Sisawa da Kagara. Da yawa ba su karatun boko. Su dai in sun ga kore da zirin rawaya, sai su miƙa wa mai karatu su ce, karanta muna, na Malam ne. A tasha direbobi har karin magana suka yi: in kore ya faɗa, ta zauna. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya, ranar kasuwar Gandi, wani direba abokin Kawu ya yi sallama muna karyawa. Bai zauna ba, ya miƙa wa Kawu waya.

"Malam, yaushe kah hwara sa hoton mutane?"

Na karɓe wayar kafin Kawu ya lalubo tabaransa. Korenmu ne, zirinmu ne, sunanmu da irin rubutunmu. A ƙasa ga hoton wani mutum riƙe da kwandon kifi, an rubuta cewa shi ke kai wa 'yan bindiga abinci da mai a kwalekwalensa. An faɗi ƙauyensu, kusa da dam. Ba mu taɓa ganinsa ba.

Na buɗe shafinmu, babu wannan labarin. Na kira mutumin Sakkwato, ya duba ya ce ba wanda ya shiga.

Na ce, "To ta ina aka samu rigarmu?"

Ya yi 'yar dariya. "Ƙanwata, taku ce? Kyauta take, kowa na iya saukewa. Ya sa kore, ya sa rawaya, ya rubuta sunanku, ya ɗauki hoto. Kafin shayinki ya huce ya gama."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

A ranar muka rubuta cewa labarin ƙarya ne, ba mu muka yi shi ba. Na sa a zirin rawaya da manyan baƙaƙe. Hoton ƙaryatawar ya yi yawo kamar yadda aka saba. Da la'asar direban ya dawo da abin da ake faɗi a tasha. Wai gaskiya Malam ya faɗa da safe, aka kira shi aka ja masa kunne, shi ya sa ya janye. Wato ƙaryatawarmu ma ta zama hujja a kan mutumin.

Sai na ce bari in canza rigar. Na mai da koren shuɗi, na ɗauke zirin na kai shi gefe. Washegari hoton mai kifin ya sake fitowa, da shuɗi, zirin a gefe. An ƙara layi ɗaya: wai an tabbatar. Ko ma wane ne, yana buɗe shafinmu kullum, ya fi kowa bin mu. Ban sani ba ko yana cikin masu gaida Kawu a masallaci.

Bayan kwana kaɗan matar mutumin ta zo, tare da yayanta. Ba ta shiga cikin gida wurin innata ba, a bakin zaure ta durƙusa. Ta girme ni kaɗan. Ba ta yi kuka ba, kuma na fi son ta yi.

Ta ce, "Baba Malam, mi yai maka?"

Kawu ya ce, "Ɗiyata, wallahi ban san mijinki ba."

"To shi ma bai san ka ba. Kihinai ya ruɓe, ba mai saye. 'Yan sa-kai sun zo sun ɗauki kwalekwale. Jiya sunka koma, suna tambayar ina yak kwana."

"Mun rubuta ƙarya ce."

Yayanta ne ya amsa, a hankali, yana kallon ƙasa. "Mun gani, Malam. Wanda yac ce shi ne, kore. Wanda yac ce ba shi ne ba, kore. Mu wane za mu kai ma 'yan sa-kai?"

A ƙasarmu kowa ya san inda irin wannan tambayar ta 'yan sa-kai take ƙarewa, ba sai an faɗa ba. Matar ta ce sun ba mijin zuwa bayan Juma'a ya kawo kansa. Suka tashi, ko ruwan da na kawo ba su sha ba.

Da suka tafi Kawu ya ce in sake rubutawa, wannan karon da rantsuwa.

Na ce, "Kawu, mai kwaikwayonmu ma ya iya rantsuwa."

"To a sake launi."

"Launi nawa gare mu da ba shi da su?"

Ya ce bakina ya yi kaifi, haka innata ta bar ni. Na ce na ji, amma fuskarsa ce kaɗai ba a saukewa kyauta, sai ya je ƙauyen mai kifin da kansa. Ya koyar a Goronyo shekaru, rabin 'yan sa-kan nan ya taɓa riƙe musu hannu suna koyon rubutu. Ya ce hanyar ba kyau. Na ce na sani, ni na buga labarin.

Kawu ya tashi ya yi alwala. Ni dai na gama shawara. Zan rufe shafin a ranar, kada wani kore ko shuɗi ya sake fita da sunanmu ba tare da an san na bogi ne ba. Zan je tasha in kama mana kujera biyu a motar direban nan ta safiyar Juma'a. Kawu zai tsaya a ƙofar masallacin ƙauyen bayan an sallame, mai kifin a gefensa, ya faɗa da bakinsa. In ya ƙi tashi, zan ɗauki hularsa da tabaransa in shiga motar, in ga ko zai bar ni in tafi ni kaɗai.