Wa Za a Fara Binnewa a Duniyar Mars?

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Emeka, amma har yau in na ji an ambaci duniyar Mars a rediyo sai na waiwaya hagu, ɓangaren da shagonsa yake. Makon jiya ma haka ta faru. Mai karanta labarai ya ce masana sun ƙara ganin alamun ruwa a ƙarƙashin ƙasar wannan jar duniya. Na buɗe baki zan ce, "Oga, mutanenka sun sake," sai idona ya faɗa kan mai sayar da cajar waya da ya karɓi shagon. Na haɗiye maganata, na ci gaba da kaɗe ƙurar kayana.

A Kasuwar Sabon Gari ta Kano muka yi maƙwabtaka, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni ina sayar da injin jan ruwa da bututu, shi yana gyaran talabijin da sayar da kayan satalayit. Ibo ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari, kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ni kakana daga Barno ya zo fatauci, ya sauka a Fagge, zama ya kama shi, har mu jikoki muka tashi a Kwaciri. Emeka ba ya gajiya da tsokanata a kan wannan. Yakan ce mu biyun duk baƙi ne, bambancin kawai ni ba a tambayata yaushe zan koma gida.

Akwai wata talabijin a shagonsa da mai ita ya kawo gyara bai dawo ba. Ita ce ya jona a tashar da ke nuna sararin samaniya, tun buɗe kasuwa har tashi. Da zarar an nuno jar ƙasar nan mai duwatsu, da motar masana tana rarrafe a kanta, sai ya buga bango ya ce in zo in ga inda jikokinmu za su zauna. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Mutumin da ya baro gidansa famfo ko ɗigo ba ya yi, ya bar iyali suna jiran 'yan garuwa, shi za a kira ya kalli neman ruwa a sama? Nakan ce masa inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, su zo Rijiyar Lemo su samo mana ruwa tukuna. Da aka ce ruwan can, in ma akwai, mai gishiri ne, na yi masa dariya har da tafi. Bai ji haushi ba. Ya ce rijiyar gidansu ma ruwan zartsi ce, kuma da ita aka raine shi, don haka in za a ɗebi masu tafiya a fara da 'yan Sabon Gari.

Wannan rijiya mahaifinsa ne ya haƙa ta a tsakar gidan da ya gina bayan ya sauko daga jirgin ƙasa yana saurayi. Ni na sa mata inji daga baya, na kuma sha ruwanta ba sau ɗaya ba. Yana da ɗan ɗanɗano a bayan harshe, sabulu ba ya kumfa da shi sosai, amma ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara.

Wata ranar damina ruwa ya tsare mu a shagonsa, babu mai saye. Ana nuna zanen gidajen da za a yi a can Mars ɗin, masu kama da akurkin kaji. Yana kallon zanen, sai ya ce, "Alhaji, ruwan nan za su same shi. Ba shi ne abin wahala ba. Ni tambayata, wa za a fara binnewa a can?"

Na ce masa wannan wace irin magana ce da tsakar rana. Ya ce in duba mahaifinsa. Ya zo Kano, ya haƙa rijiya, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa a nan, amma ranar da ya mutu sai aka sa shi a mota aka mayar da shi ƙauyen da ya bari tun ba shi da gemu. Sai ya tambaye ni ina kakana yake. Na ce yana maƙabartar Fagge. Ya ce, "To ka gani. Ruwa zango yake yi. Kabari ke yin gari." Ya ƙara da cewa ko a Mars ɗin, in babba ya mutu za a san yadda aka yi aka dawo da shi wurin danginsa. Amma ranar da aka haifi yaro a can ya koma, ba mai tayar da kumbo saboda jariri, kuma uwarsa ba za ta taɓa yarda ta baro wurin ba. Daga ranar an yi gari. Kafin ruwan ya ɗauke ya faɗa mini cewa shi a Kano yake so a sa shi, kuma ya gaya wa matarsa.

Na ɗauki maganar irin ta zaman kasuwa. Mutuwa rigar kowa ce, amma ba wanda ke zaton za a ɗinka ta abokinsa kafin tasa. Hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai daɗe yana jinya ba. Kafin a gama koke-koke yayyensa suka iso daga gabas da motar ɗaukar gawa.

Na je na same su a tsakar gida, kusa da rijiyar. Na gaishe su, na faɗa musu abin da ya gaya mini. Matarsa, Maman Ifeoma, ta tabbatar, tana magana tana kuka. Babban yayan ya saurare ni har na gama, ya gode mini, ya ce sun san ni ɗan'uwa ne a wurin Emeka, amma kan ɗansu ba ya kwana a baƙuwar ƙasa. Na yi fushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai dai da shekaru suka ja na daina ganin laifinsu. Mutanen da iyayensu suka taɓa barin garuruwan Arewa da rigar jikinsu kaɗai lokacin rikici, ba za ka hana su riƙe ƙasar kakanninsu da hannu biyu ba. Su ma ba ƙiyayya ce ta kawo su ba, tsoro ne kada nasu ya ɓace a inda wata rana ba mai share masa ciyawa.

Abin da na iya shi ne na cika jarka da ruwan rijiyar, na sa ta tsakanin ƙafafuna a motar da ta bi gawar. Ban san ainihin abin da zan yi da ita ba. A wurinmu in an rufe mutum akan yayyafa wa ƙasar ruwa, wataƙila abin da ke raina ke nan. A can na tarar a cikin gida suke binnewa, su shafe kabarin da siminti. Da magini ya zo kwaɓi, na miƙa masa jarkar. Babban yayan ya tambaya mene ne. Na ce ruwan rijiyar babansu ne. Shi ma ashe a Sabon Gari aka haife shi, yana yaro aka tafi da shi. Ya tara hannu, na zuba masa, ya kurɓa. Sai ya ce, da Hausar da ta yi tsatsa a bakinsa, "Har yanzu da zartsinsa." Ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ruwan aka kwaɓa simintin.

Da Emeka zai leƙo yau, na san bango zai sha bugu. An ce akwai ƙanƙara jibge a ƙuryoyin Mars, akwai kuma wadda ƙasa ta rufe. An ga hanyoyin koguna da suka bushe tun kafin a san mutum. Ko duniyar wata da muke gani fayau, an ce akwai ƙanƙara a ramukan da rana ba ta shiga. Suna maganar narka ta a sha, a cire iskar shaƙa daga cikinta, har da man kumbo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ga shi ni da nake yi masa dariya ni ne yanzu nake ƙara muryar rediyo. Na ji sun yi maganar inda za a kwana, inda za a yi shuka, inda za a ajiye ruwa. Ban taɓa jin wanda ya ce ga inda za a yi maƙabarta ba. Da zai ce mini har yanzu zango suke shiryawa.

Gidansa ma ya kusa komawa zango. Maman Ifeoma ta koma gabas don ta zauna kusa da kabarin mijinta. 'Ya'yansa maza suka tafi Legas. Saura Ifeoma, babbar 'yarsa, wadda matata ta raɗa wa Ladi tun tana zanen goyo. Ita ta riƙe gidan da mijinta. Sai mijin ya samu aiki a Fatakwal, wani ɗan kasuwa kuma ya nemi gidan zai rushe ya yi shaguna. Rijiyar, wadda dama ta yi ƙasa tun da kowa ya haƙa burtsatse a layin, cike ta za a yi. Ladi ta zo ta faɗa mini tana sunkuyar da kai. Na sa mata albarka, me zan ce? Baƙo raɓa ne. Na koma gida ina jin kamar za a sake ɗaukar Emeka a mota karo na biyu.

Ladi tana da ciki a lokacin, aka ce a bari ta haihu kafin a tashi. Ta haifi namiji, aka sa masa sunan kakansa Emeka. Na ɗauke shi da hannuna, goshin nan na Emeka sak. Bai kai ga zama ba zazzaɓi ya kama shi a daminar bara, asibiti suka yi iya yinsu, Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya zo da mota daga gabas. Ba a yi wa jariri wannan doguwar tafiya. A maƙabartar Kiristoci ta nan Kano aka sa shi.

Bayan an share makoki na je gaishe da Ladi. Kayan da aka ɗaure don tafiya duk an kwance su. Ta ja guga da kanta, don injin da na sa ya daina kai wa ga ruwan, ta zuba mini a kofi. Na tambaye ta maganar Fatakwal. Ta ce mijin zai riƙa zuwa yana dawowa, mai sayen gida kuma an ba shi haƙuri.

"Baba, ina zan tafi in bar shi shi kaɗai?" Ta share fuska da gefen zanenta. "Kuna tuna abin da Daddy yake cewa a kan kabari? To ga shi, mun zama 'yan gari."

Ni da Emeka kowa da addininsa muka rayu, kuma al'amarinsa yana hannun Wanda ya halicce mu duka. Shagonsa ya zama na wani, talabijin ɗin ban san inda ta shiga ba, jikinsa yana can inda bai zaɓa ba. Abin da ya rage shi ne rijiya mai zartsi a tsakar wani gida a Sabon Gari, da ɗan ƙaramin tudu mai ɗauke da sunansa a ƙasar da ya roƙa aka hana shi. Masu neman ruwa a Mars, ina yi muku fatan samu. Amma ranar da za ku ji an ce wurin ya zama gari, ku nemi matar da ta ƙi hawa kumbon dawowa, ku yi mata gaisuwa.

Mun yi gardama da yawa da Emeka, yawanci ni nake ci da ƙarfin baki. Wannan ɗayar shi ya ci. Na shanye ruwan da Ladi ta ba ni, ina kallon ɗan bahon wankan jariri da aka kife a jikin rijiyar, ina cewa a raina da ma ni na ci.