Ruwan da Na Hana Shi Kwana

Shekarata ta farko a Abuja a Kurudu na yi ta, a gonar wani dattijo ɗan Gbagyi da kowa ke kira Baba. Yana da tankunan siminti uku a bayan gida, biyu na tarwaɗa, ɗaya na karfasa. Na karfasar ya damƙa mini, ya ce in suka yi 'ya'ya kafin damina ta ƙare zan zauna, in ba haka ba zai nemi wanda ya san aikin.

Ni kuwa tun ina ƙarami nake fama da wasiwasi. Alwala ɗaya sai in maimaita ta sau uku. Da na ga ruwan ya fara kore, sai na tuna cewa a ciki kifayen nan suke fitsari, a ciki suke kwana. Zuciyata ta kasa ɗauka. Kowace safiya in zubar da ruwan, in goge ƙasan tankin da buroshi, in cika shi da sabo. Wata biyu ina haka. Kifaye sun yi ƙiba, amma ko ɗa ɗaya babu. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata ranar Asabar, 'yar Baba, wadda ke karatun dabbobi a jami'a, ta zo hutu ta same ni tsugune da buroshi.

"Malam, wanka kake musu ko aure kake hana su?" ta ce.

Na ce tsabta nake yi.

Ta zauna a bakin tankin ta yi mini bayani. A cikin fitsarin namijin akwai wani ƙamshi, shi macen ke ji ta shirya yin ƙwai. Wato kullum da safe ni nake zubar da saƙon. Kunya ta kama ni. Na ce to bari in ɗebo tsohon ruwa daga wajen tarwaɗa in zuba musu, a huta.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kowane iri da nasa ƙamshin. Ta nuna mini a wayarta wata halitta ta ƙasashen sanyi, kamar ƙadangare amma a ruwa take neman aure. Namijin yana tsayawa gaban macen yana kaɗa jela, yana tura mata ƙamshinsa. Ta ce akwai ire-irensu da kakansu ɗaya, amma da zamani ya yi tsawo ƙamshin kowanne ya sauya, har macen wannan ba ta cika kula namijin wancan ba.

Baba yana jin mu daga gindin mangwaro. Ya ce, "Malam, ka bar ruwa ta kwana. Ba masallaci ba ne."

Barin ruwan nan ya fi goge tankin wuya. Sai in tsaya ina kallon koren, hannuna yana ƙaiƙayi. Kaɗan nake ragewa in ƙara, yadda ta koya mini. A mako na huɗu na ga wata mace a cikin kifayen ta daina cin abinci, bakinta a kumbure. Na ruga wajen Baba na ce ta kamu da ciwo. Ya leƙa, ya ce ƙwai ne ta ɓoye a baki.

Shekara shida na yi a gidan. Yanzu gadi nake a wani sito a Idu, an kuma gina ɗakunan haya a inda tankunan suke. Har yau in na bi ta kasuwar kifi ta Kado na ji ƙarnin ruwan da ya kwana, nakan rage sauri.